Malam Chindo da ɗakunan da yake zanawa a ƙasa

Kullum da hantsi, in damina ta kama kuma ƴan makaranta sun dawo hutu, Malam Chindo yakan share tsakar gidansa a nan Cadawa, ya ɗauki kara ya zana ɗakuna a ƙasa, wani cikin wani. In ruwa ya sauka ya shafe, gobe ya sake. Shekara goma sha bakwai yana haka, tun yana buga takardu a buro har ya yi ritaya. Ni Lantana katanga ɗaya ta raba mu, kuma katangar tana da wani gurbi daidai tsawona.

Ban taɓa tsayawa na duba da kyau ba sai bara waccan, ta nan na ga abin da ya ɗaga mini hankali. Samari da ƴan mata na jami'a, daga Agye, daga Gazawa, har mai zuwa kan moto daga Gidan Sori, suna tsaye cikin zane, kowa na motsa baki. Wannan ya ce "se-de" ya taka, wancan ya ce "el-es" ya waiwaya. Da azahar su shige ɗaki su zauna gaban ordinater, wato kwamfuta, mai baƙin gilashi ƙirin, ba hoto, ba waƙa, sai wani ɗan farin abu yana ƙifta ido. Na yi aji uku a lakol, na san karatu in na gan shi. Wannan bai yi mini kama da karatu ba.

Mutum ɗaya na gaya ma, Baturiya mai ƙosai, na kuma ce kar ta faɗa. Kafin la'asar zancen ya kai tasha, an ce Chindo na kiran aljannu da yaran mutane.

Abin da ban sani ba, jikata Hamdiya na cikinsu, ta ƙofar baya take shiga. Ta faɗi jarrabawar wannan baƙin gilashin a Maraɗi, an ba ta dama ɗaya ta sake bayan hutu, in ta kuma faɗuwa a sallame ta. Yarinyar da duk saninta da na'ura shafa waya ne da yatsa. Ubanta Amadu, ɗana, ya ji zancen a masallaci ya hana ta fita. Kwana takwas tana kuka.

Na ce masa, "Amadu, wa ya ce maka aljannu ne?"

Ya ce, "Inna, duk garin ya sani. An ce wata dattijuwa mai gaskiya ce ta gani da idonta."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na yafa mayafi na zagaya, karon farko ta ƙofa.

Chindo ya shimfiɗa mini tabarma kamar bai san komai ba. Ya ce, "Gwaggo, wuyanki ya gaji da katanga, yau ki shigo ciki ki gani." Ya tsayar da ni cikin zanen. Ya ce cikin ordinater haka yake, ɗaki cikin ɗaki, kuma a baƙin gilashin ba ka ganin komai sai ka rubuta tambaya. "El-es" na nufin nuna mini abin da ke ɗakin nan. "Se-de" na nufin kai ni wancan ɗakin. Inji uku gare shi, tsofaffi, batirin sola awa biyu yake yi, yara kuwa goma sha huɗu. Shi ya sa suke koyo da ƙafa tun safe, don in sun zauna gaban inji kada su ɓata lokaci suna lalube.

Na ce, "Shi ke nan aljannun?"

Ya ce, "Saura babbansu. Ajiye goronki cikin ɗakin nan, ki ce er-em goro."

Na ajiye, na faɗa. Mutumin nan ya sunkuya ya ɗauki gorona, fari, wanda na tanada don Juma'a, ya jefa baki ya tauna ina kallo.

"Chindo, maido mini abuna."

"Gwaggo, injin ma ba ya maidowa. Ba ya tambayar ko da gaske kike. Kin faɗa, ya aikata. Don haka nake sa su tsaya su tambayi inda suke kafin su share komai."

Yaran suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni dai na tsaya baki buɗe, don na gane ba goro kaɗai yake nufi ba.

Gida tara na shiga ina warware abin da na ƙulla, na kuwa sha mamaki: ƙarya da ƙafarta ta tafi, gaskiya sai da na goya ta. Amadu ne na ƙarshe. Ya dube ni ya ce, "Inna, ke ce dattijuwar?" Na ce ya bar yarinya ta tafi, sauran zancen ma yi shi daga baya.

Saura kwana goma sha biyu a sake jarrabawar. Balki matar Chindo ce ta gaya mini ya cire fanka da rediyonsa daga batiri, ya zauna cikin zufa, don Hamdiya ta samu ƙarin rabin awa a kan inji. Ridwanu, tsohon ɗalibinsa wanda yanzu ke aiki a Yamai, ya ce shi ma haka aka yi masa, kuma ko shayi Malam bai taɓa karɓa ba.

Malam Chindo, kai ne mai haƙurin da na ɓata wa suna ya ba ni tabarma. Kai ne ka ɗauki abin da yaranmu ke tsoro ka shimfiɗa shi ƙasa suka taka. Dogo mai kara, ban san wanda ya fi ka kawaici ba a unguwar nan, kuma ni na san kowa.

Ranar da sakamako ya fito, Hamdiya ta kira wayar ubanta ta ce a ba Kaka. Ta ce, "Kaka, na ci. Ki je ki gaya wa Baturiya, ki ce kar ta faɗa ma kowa." Kafin magariba har Agye an ji.

Yanzu idon Malam ya yi rauni, likita ya hana shi kallon gilashi, ya ce daminar bana ce ta ƙarshe. Na gode, Chindo, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya, ka kuma yafe mini. Ku da kuka wuce ta tsakar gidan nan kuna zaune cikin buro mai sanyi, akwai ƙannenku da za su dawo hutu da irin kukan Hamdiya. Wani cikinku ya ɗauki hutunsa da damina ya zo ya karɓe su.