Ranar Da Na Ɗauko Kawu Daga Wajen Mai Ɗori

Ko zan manta komai na zamana a Fatakwal, ban da ranar da na ɗauko kawuna daga wajen mai ɗori a keke mai ƙafa uku mai caji.

Kawun nan mahauci ne, shi ya kawo ni Kudu, kuma shi ya tsaya mini na samu keken. Ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara. Aibinta ɗaya a idon jama'ar unguwarmu Mile One: idan ka murɗa totur ba ta zabura, sai ta ɗan yi jim, sannan ta tashi a hankali. A gosulon Fatakwal kuwa, kafin ta gama tunani wani ya shige gabanka. Kawu ya sa mata suna Hajiya Mai Ciwon Gwiwa. Kullum na sauke shi a mayanka sai ya ce, "Yaro, da ƙafa na zo da yanzu na feɗe sa biyu."

Wata rana ya gaji, ya ja ni wajen wani mai gyara da ke "buɗe wa keke wuya", kamar yadda direbobi ke cewa. Mutumin ya taɓa akwatin da ke ba injin umarni. Shi ke nan, Hajiya ta warke. Kana taɓa totur sai ta yi tsalle, ƙasanta ya ce ƙwas, fasinja ya sha goshi da ƙarfe. Kawu ya ce yanzu ne ta zama keke.

Ba a jima ba wani bijimi ya ƙi yarda da shirin da aka yi masa, ya taka Kawu a ƙwauri. Aka kai shi wajen wani tsoho mai ɗori a bayan Kasuwar Oil Mill. Tsohon ya ja ƙafar, ya jera kara, ya ɗaure, Kawu yana kiran sunayen iyayensa da suka daɗe da rasuwa. Da ya gama ya dube ni.

"Kai ne direban? To ka ji. Idan ƙashin nan ya goce a hanya, sai na sake karya shi na ɗora. Ni ba na gajiya."

Muka kwantar da Kawu a kujerar baya, muka tokare ƙafar da matashi. Na yi bismilla, na taɓa totur kamar mai taɓa jariri. Ƙwas! Ihun da Kawu ya yi har masu sayar da doya suka waiwayo. Na sake gwadawa, ta sake zabura. Na saki totur ɗin, ta yi turjiya ta dawo da shi gaba. Ko ƙofar gidan ba mu bari ba, gumi ya jiƙa masa riga. Wallahi na tsorata, don na san ba zai iya ɗaukar karaya ta biyu ba. Ga hanyar da mota ba ta shiga, acaɓa kuwa ba a ma maganarta.

Na kira injiniyar kamfanin da ya sayar mana da keken, wata Inyamura da ta tashi a Sabon Garin Kano, Hausarta ta fi tawa. Ta zo da kwamfuta a jaka, ta jona waya, ta duba.

"Wa ya buɗe ta?"

Na dubi Kawu. Kawu ya dubi rufin keke.

Ta ce injin lantarki ba kamar na fetur ba ne, duk ƙarfinsa yana hannunsa tun daga tsaye. Tsakanin haƙoran giya kuma akwai ɗan sarari. Idan aka saki ƙarfin gaba ɗaya, haƙori ya daki haƙori, sandar da ke juya taya ta murɗe ta warware, shi ne ƙwas ɗin da girgizar. Jim ɗin da muke zagi, akwatin ne ke sa haƙoran su haɗu tukuna, sannan ya riƙa ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan.

"Baba, ba ciwon gwiwa ba ne," in ji ta. "Ladabi ne."

Ashe sunan ya kai har kamfani.

Ta sa aka sauke Kawu, ta karɓi kofin shayi cike fal a wajen mai shayin bakin layi, ta ajiye a inda ƙafarsa za ta zauna. Na tayar da keke, shayi ya zube. Ta danna kwamfutarta, na sake tashi, ya ɗan fantsala. Mai shayi yana ta cikawa, ransa fes. Can na murɗa, keke ta yi jim ɗinta na da, ta zame, shayin ya yi rawa bai zube ba.

Haka muka taho Mile One. Masu keke suna wuce mu suna danna mana oda, wani ya leƙo ya ce, "Kawu, Hajiya ta koma asibiti ne?" Kawu dai idonsa a rufe, hannunsa a kan gwiwa. Ni kuwa duk ramin da muka tunkara sai na rage gudu na lallaɓa.

Washegari mai ɗori ya zo gida. Ya shafa ƙwaurin sama da ƙasa, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ce ƙashi yana wurinsa. Kamar ma bai ji daɗi ba.

Da ya fita, Kawu ya kira ni kusa, ya rage murya.

"Yaro, daga yau kada ka sake barin kowa ya taɓa keken nan. Dama ni tun farko ban so aka buɗe ta ba."

Na ce, "To, Kawu."

Abin da na koya a ranar shi ne, samun ƙarfi ba wuya, sakinsa a hankali ne aiki, musamman idan ka ɗauko wanda wani wurinsa ke ciwo. Kawu ya warke sarai, yana takawa ba ɗingishi. Har ya bar duniya, duk wanda ya kira keken nan Hajiya Mai Ciwon Gwiwa sai ya ce masa ba shi da tarbiyya.