Gayyar da Na Yi da Kunu

Dawa ta kai gwiwa, lokacin noma na biyu ya yi, sai kurkunu ya fito wa maigidana a ƙafa biyu. Muna zaune a gefen Kontagora, ba a ma yanko Jihar Neja ba tukuna. Gona ɗaya gare mu, ita ce abincinmu na shekara, mu biyu da yara uku. Ga shi kwance a tabarma yana naɗe tsutsa a tsinke, ciyawa kuwa tana ta shaƙe dawa.

Ba abin yi sai gayya. 'Yan majami'armu kaɗan ne, rabinsu ma ɗingishi suke, don tafki ɗaya muke sha. Saura dangina na ƙauye, masu bin al'adar kakanni, su kuwa ba sa gayya sai da burkutu. Na iya dafa ta sarai, wajen uwata na koya, amma tun da aka yi mini baftisma na kife tukunyar.

Kwana uku ina buɗe Littafi Mai Tsarki ina rufewa. Nan an gargaɗe ni kada in sa ɗan'uwana tuntuɓe. Can kuma an ce wanda ya bar iyalinsa da yunwa ya fi marar bangaskiya muni. To, wanne zan kama? Na tambayi maigida, ya juya fuska bango ya ce, "Ke dai yi abin da kika ga ya dace." Ji shi fa! Kamar in kwaɗa masa muciya.

Na yanke shawara ba zan dafa giya ba. Zan dama kunun tsamiya, in tuƙa tuwo, in yanka 'yar akuyarmu. Sai na aika wa kawuna, yayan mahaifiyata, cewa gayya ranar Laraba, ban ce uffan a kan giya ba. Na san in na faɗa, da yawa ba za su zo ba. Dabarata ita ce in sun iso suka ji ƙanshin nama, kunya za ta hana su juyawa.

Sun zo da sassafe, maza sun kai ashirin, kowa da garmarsa a kafaɗa. A al'adarmu babba ne ke buɗe tukunya ya ɗanɗana kafin a shiga kunyoyin gona. Kawu ya ɗaga faifai, ya sunsuna, ya mayar a hankali.

Ya ce, "Ɗiyata, mene ne wannan?"

Na ce, "Kunu ne, Kawu. Addinina ya hana ni dafa waccan."

"Da kin faɗa mini, ai da na zo da 'ya'yana mun yi miki ko ruwa ba mu sha ba. Amma ni na bi gida gida na ce wa mutanen nan akwai. Kin mai da ni maƙaryaci da furfurata."

Da na durƙusa a nan na ba shi haƙuri, wataƙila da wasu sun tsaya. Ina! Zuciya ta ɗebe ni, na ce su tafi, mashayan banza, Allahna zai nome mini gonata. Suka saɓa garemaninsu suka wuce, ko waiwaye babu.

Ni kaɗai na shiga gonar da goyo a baya. Abin da na iya nomewa bai kai rabi ba. Da kaka muka ɗaure dami bakwai, kafin bazara rumbu ya koma wayam. Har yau ban yi nadamar ƙin dafa giya ba. Abin da ke cina shi ne, littafin da na kwana uku ina dubawa cike yake da gargaɗi a kan yaudara da saurin fushi, amma ban nemi waɗannan ba, don ba su nake so in gani ba.

Da yunwa ta matsa, ƙanwar maigida ta zo daga Rijau ta ɗauki autata, ko yaye ban gama ba. Aka ce sai an yi sabon hatsi. Shekarar da ta biyo kuma fari ya ƙone komai, ba bakin da za mu ce a dawo da ita.

Sai bayan shekara uku na samu zuwa, da ƙuli-ƙuli a ƙulle a bakin zane. Na tarar da yarinyar a ƙofar gida tana wasan ƙasa. Na kira ta, na miƙa hannu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ruga ciki tana cewa, "Mama, fito, kin yi baƙuwa."