Zakiru da Tudun Rairayi

Zakiru ɗan Malam Arzika ma'aikacin allurar dabbobi ne a Dakoro. Ya kusa shekara arba'in, dogo ne siriri, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko shayi ake sha a fada, wurin hirar abokai, kafin a zuba kofi na biyu ya miƙe ya leƙa titi ya dawo. Tun yana koleji babu mai kamo shi a gudu, har malamin wasanninsu ya so ya kai shi Maradi. Sai karatu ya ƙare, aiki ya zo, aure ya zo, ƴaƴa suka biyo baya. Gudu ya tsaya, amma ƙafar ba ta daina motsi ba, ko a zaune yake tana kaɗawa.

Mahaifinsa ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki damina biyu da suka wuce. Mahaifiyar Zakiru ta riga mu gidan gaskiya, ƙanwarsa tana aure a Birnin Lalle, ƙanensa kuma ya tafi ci-rani Agadas. Saboda haka kullum bayan sallar asuba shi ke ɗora ruwa, ya yi wa tsohon wanka, ya sa masa riga, ya ɗauko shi cak ya zaunar da shi a tabarma gindin itacen bedi. Matarsa Rahinatu mai ɗinki ce a cikin gida. Ita ke dama wa surukinta kunu, ita ke wanke masa tufafi, amma wanka da ɗauka ba aikin suruka ba ne, kowa ya san haka.

Wata rana a ofis wani abokin aikinsa, Habibu, mutumin Keita, ya nuna masa wani bidiyo a salula. Wata ƙungiyar samari ce a can ƙasarsu take shirya tseren dogon zango a kan duwatsun Adar idan sanyi ya shigo. Ana tashi da hudowar rana, a hau wannan dutse a gangara, a hau wancan, wasu ba sa isowa sai la'asar. Zakiru ya kalla, ya sake kalla. Kafin a tashi aiki ya sa Habibu ya ba da sunansa. Bai gaya wa kowa a gida ba.

Matsalar ita ce Dakoro ba ta da dutse. Abin da ya samu kawai wani tudun rairayi ne a arewa da gari, bayan gonaki, inda makiyaya ke bi da awaki. Ya sayi takalmin gudu na gwanjo ran kasuwa. Da an sallame asuba sai ya fita daga masallaci ta baya, ya nufi tudun, ya hau ya sauko, ya hau ya sauko, ƙafa na nutsewa har idon sawu, sannan ya dawo da gudu don wankan tsoho. Ran farko wani makiyayi ya tsaya da sandarsa a kafaɗa yana kallonsa, can ya ce, "Malam, mi ya koro ka?"

"Babu komi."

"To mi kake kora?"

Zakiru bai da numfashin amsawa, ya ɗaga masa hannu ya wuce.

Rahinatu ta gane da kanta, don rairayi take sharewa a ɗaki kullum. Da ya faɗa mata zancen tseren, ba ta yi faɗa ba. Ta ci gaba da taka keken ɗinkinta, ta ce, "Baban Haula, ni ban hana ka ba. Amma kana gida kamar ba ka nan. Jiya Haula ta karanta maka abin da aka koya masu a lakwal, barci ka yi a zaune."

Kaka ta zo ta ƙara masa aiki. Gonarsu tana wajen Adjekoria, ga gero ya isa yanka, ga tsuntsaye. Ya daina hawa moto, babur ɗinsa, zuwa gona, ya riƙa tafiya da gudu, ya wuni yana yanka da ɗauri, ya dawo a kan amalanke saman damman gero, cinyoyinsa na zogi. Ba a gama cika rumbu ba shef ɗinsa na ofis ya tura su rigakafin dabbobi wajen Tagriss. Nan ma bai huta ba. Ya roƙi maƙwabcinsa Tanimu, mai gyaran rediyo, ya riƙe masa wankan tsoho, shi kuma a can daji da ya gama da garke ɗaya sai ya bar abokan aiki su tafi a mota, ya bi su a ƙasa zuwa rijiya ta gaba. Wani Buzu mai raƙuma, Rhissa, ya riƙa ajiye masa nono a ƙwarya yana girgiza kai. Ya dawo gida ya rame, ya yi baƙi, ga ciwon gwiwa yana ɓoyewa.

Abin ya faru wata Asabar. Yana kan tudun da safe ya ji jikinsa ya saki, numfashi na tafiya daidai, sai ya ce bari ya ƙara hawa ɗaya. Ya ƙara, ya sake ƙarawa. Bai lura ba sai da ya ga inuwarsa ta gajarce. A gida kuwa Malam Arzika ya gaji da jira, fitsari ya matse shi, ya dafa bango zai tashi da kansa, ya faɗi tsakanin gado da ƙofa. Rahinatu ta ji ƙarar, ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ta kasa shiga don tsohon ba shi da riga, ta kasa barinsa. Ta jefa masa zane daga nesa ta ruga ta kira Tanimu. Lokacin da Zakiru ya shigo yana ɗigar da gumi, an riga an kwantar da mahaifinsa, goshinsa a fashe, an ɗaure da tsumma.

 Tanimu ya wanke hannu ya fita. Zakiru ya cire takalmin ya cusa bayan rumbu.

Ya daina gudu, gidan kuma ya rasa sukuni. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Ya kwance moto ya sake ɗaurawa. Ya yi wa Haula tsawa a kan buta, ya dawo yana lallashinta. Yana zagaya tsakar gida, daga randa zuwa turken akuya, daga turke zuwa zaure, har Rahinatu ta ce zare na tsinke mata saboda kallonsa.

Wata safiya yana goge wa tsohon baya, sai Malam Arzika ya yi magana. Tun da ciwon ya same shi bakinsa ya karkace, kalma ɗaya-ɗaya take fita da ƙyar.

"Tudun nan. Ina yake?"

"Baba, na bari ai."

"Ban ce ka bari ba. Kai ni in gani."

Zakiru ya ɗauka wasa ne, amma tsohon ya ƙi shan kunu sai an kai shi. Da la'asar suka ari amalanken Tanimu, suka shimfiɗa katifa, suka jingina shi da matashi. Mutumin da bai fita ƙofar gida ba tun kwanciyarsa ya riƙa ɗaga hannunsa mai lafiya yana amsa gaisuwar mutane har suka fita gari. A gindin tudun ya daɗe yana kallo. A ƙuruciyarsa ya kora shanu a ƙasa daga nan har Jibiya, ba sau ɗaya ba, kuma bai taɓa ganin wanda ya yi gudu ba tare da dalili ba.

"Wanga ɗan abu?" ya ce. "Hau."

Zakiru ya hau ba takalmi. Da ya sauko, tsohon ya ce, "Kana dukan ƙasa. Taka a hankali. Koma."

Daga ranar aka canza tsari. Safiya ta tsoho ce, babu taɓawa. Gudu ya koma bayan la'asar, cikin sauran zafin rana, wanda ya fi wuya, kuma ranar da aiki ya riƙe shi ko Haula ba ta da lafiya, ya haƙura. Wani lokaci tsohon na biye da shi a amalanke, wani lokaci ba ya iyawa. Horon bai kai yadda Zakiru ya so ba, ya san haka, kuma yana cin ransa.

Ranar tseren ya ga abin da rairayi bai koya masa ba. Hawa bai ba shi wahala ba, ya wuce samari da yawa a dutsen farko. Gangara ce ta gama da shi. Tsakuwa na zamewa, dutse ba ya lotsawa, kowace taka sai ta buga masa a gwiwa. Ya faɗi sau biyu, tafin hannunsa ya yage. Wajen azahar ya zauna gindin wata ƙaya ya ce ya gama. Wata mata mai ɗauke da itace ta ba shi ruwa, ta nuna masa garin da tseren ke ƙarewa can ƙasa, ta ce ai ba nisa, ita ma can za ta. Ya tashi. Sauran hanyar rabi tafiya ce rabi ɗingishi. Ya iso ana naɗe tabarmi, waɗanda suka yi nasara sun daɗe da cin abinci, amma mai rubuta sunaye yana nan, ya rubuta nasa.

Habibu ya so ya kwana gidansu ya huta, ya ƙi, ya shiga motar da ta fara samuwa. A tashar Dakoro sai da mutum biyu suka kama shi ya sauko. Rahinatu ta ga yadda yake takowa kamar mai sabuwar kaciya, ta riƙe baki, dariya ta ƙwace mata. Ta dafa masa ruwan zafi da gishiri, ta zauna tana gasa masa gwiwa.

"To, an gama ke nan?" ta ce.

Ya ɗaga kai yana kallon kwanon rufi.

"Baban Haula, da kai nake."

"Habibu ya ce baɗi za su canza hanya," ya ce. "Wai gangarar ta hi ta bana sauƙi."

Ta matse tsumman, ta ɗora masa a ɗaya gwiwar da ƙarfi, har ya yi ƙara.