Dutsen Seu Odair

Kwana tara da binne Seu Odair ƙofofin mota suka fara tsagewa. Injin matsi ya sauko kan fallen ƙarfe, ya ɗaga, sai ga ƙofar mota da tsaga a kusurwar hagu. Talatin a jere. Lucimara ta tsaya da ɗaya a hannu, bakinta a buɗe. Ita ce injiniyar da ta tsara mazubin da ke ba fallen siffa, kuma manaja ya ce in ba ta gano dalili kafin Juma'a ba, za a ba wani kujerarta.

Odair ɗinmu, da muke kira Seu Odair don girmamawa, shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran mazubai a wannan masana'anta ta São Bernardo. Gajere ne, babban yatsansa ya goge sumul saboda shafa ƙarfe. Wake da shinkafarsa ba ya ci shi kaɗai, ko ka ƙoshi sai ya tura maka cokali. Ranar wata Lahadi yana ban ruwa ga tumatirinsa ya faɗi, shi ke nan.

Aikin Lucimara a kwamfuta yake. Takan yanka hoton fallen gida-gida, dubbai, na'urar ta lissafa yadda kowane gida zai miƙe in an matsa shi. Kore lafiya, ja zai tsage. Ƙofarta kore ce shar, shekara huɗu ba ta taɓa ba ta kunya ba.

"Dakta," Odair yakan ce mata in ya leƙo da kofinsa, "akwatin nan naki ƙarfe ya taɓa yankarsa a yatsa?"

"Seu Odair, je ka shafa ƙarfenka, tsoho. Kore ne, ko idon ma ya tafi?"

"Kore ne, 'yata. Allah ya bar mana kore."

Ta sake lissafin sau uku, kore. Ranar Alhamis da hantsi aka buɗe akwatin kayan Odair don a kai wa matarsa. A ƙarƙashin rigar aiki ta ga dutsen wasa ƙarfe, tsakiyarsa ta lotsa, an naɗe shi da takarda. Rubutunsa ne mai karkata: "Ƙofar Dakta. Kusurwar hagu, shafa goma sha biyu, duk Litinin kafin ta iso."

Ta zauna a ƙasa. Lissafinta ya ɗauka bakin mazubin zai dawwama da santsinsa. Ashe ɓurɓushin fallen kan manne a kusurwar, ya riƙe ƙarfen har ya tsage. Odair ya sani tun makon farko, lokacin da ita kaɗai ce mace a ofishin, ana jiran ta yi tuntuɓe. Litinin ɗari biyu, bai faɗa wa kowa ba.

Ta sa aka tsayar da injin, ta shafa dutsen a kusurwar mazubin tana ƙirgawa. Ƙofa ta fito lafiya lau.

Da ta so, da ta yi shiru daga nan. Sai ta koma kwamfuta ta rage santsin kusurwar yadda yake a gaske. Wurin ya yi ja wur. Ta buga hoton, ta ajiye gaban manaja, ta ɗora dutsen a kai.

"Lissafina ne ba daidai ba," ta ce. "Shekara huɗu ga wanda ya riƙe ƙofar nan."

Manajan ya daɗe yana juya dutsen, sannan ya tura mata shi. "Gyara lissafin. Litinin kuma wa zai shafa?"

"Ni."