Mai Garayar da Na Kayar a Gwaji

Da mutum yana iya tsinke rana ɗaya daga cikin kwanakinsa ya jefar, da na tsinke wata Talata da na yi a wata firamare kusa da Kabo. Gemuna ya yi fari, amma ranar tana nan tare da ni, kuma na san ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Abin da ya ɗaga ni a makarantar shi ne wani ɗan kwas da aka tura ni Kano, inda aka koya mana busa sarewa da sunayen sauti: do, re, mi, fa, so. Na dawo ina ji da su kamar tsarabar Makka, aka damƙa mini 'yan fareti.

A lokacin an ƙaddamar da Shari'a, kiɗan biki ya ja baya, makaɗa da yawa sun rataye kayansu. Farashin hatsi kuwa tun zamanin ostariti, lokacin tsuke bakin aljihu, bai sauko ba. Sai hedimasta ya samu izinin ɗaukar mutum ɗaya da zai taya ni koya wa yara waƙoƙin fareti da na tarbiyya, ya ce ni zan gwada masu nema.

Cikinsu akwai wani dattijo daga Gammo, wanda ya gaji kiɗan garaya na mafarauta. A ƙafa ya zo, garayar cikin buhu don kada a yi masa magana a hanya. Bayan mun gaisa ya shaida mini cewa yana da iyali, kuma abin da gonarsa ke bayarwa ba ya kai su damina.

Na busa sauti mai kauri, na tambaye shi sunansa.

"Wannan giwa ce, Malam," in ji shi.

Na busa na sama da shi, ya ce amale, wato ƙaton raƙumi. Na busa siriri, ya ce maguɗiya. Malaman da ke zaune suka fara ƙunshe dariya. Bai damu ba, ya bayyana cewa haka mahaifinsa ya koya masa, kowane sauti da sunan da ya dace da nauyinsa. Sannan ya rage murya ya ce:

"Sai dai giwar taka ta ɗan rame. Ko sarewar ta tsage ne?"

Ta tsage kuwa. Zango guda ina busa ta a haka, na ɗaure da zare, babu wanda ya lura. Nan take na gane kunnensa ya fi nawa nesa ba kusa ba, tsoro ya kama ni cewa in ya shigo asirina zai tonu. Wannan ita ce gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Baba, nan makaranta ce, ba dawa ba. Wanda bai san do ba, me zai koya wa yara?"

Ya mayar da garayarsa cikin buhu, ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya fita. Muka ɗauki wani da ya iya jera do, re, mi kamar aku.

Bayan shekaru na je wani suna a Gwarzo, na zauna tsakanin wani tsohon soja da ya yi busa a bariki da wani malamin Islamiyya da ya yi karatu a Masar. Hira ta kai ga sauti, na fara taƙama da do ɗina. Sojan ya yi dariya ya ce su da haruffan boko suke kiran su. Malamin ya ce Larabawa kuma nasu daban, suna ce musu rast da dukah da sikah, kowace al'umma da sunan da ta raɗa. Ashe dattijon bai jahilci komai ba, da sunayen gidansu ya amsa mini, kuma daidai ya amsa.

Washegari na tafi Gammo. Na same shi a gindin bishiya yana tufkar igiya, idanunsa sun dushe. A shekarar da na kayar da shi ya sayar da garayar, ya shiga ƙwadago a gonakin mutane har bayansa ya ranƙwafa. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya koyi kiɗan. Na durƙusa na faɗa masa komai, na nemi gafara. Ya ce ya daɗe da yafewa, kowa da rabonsa. Sai ya yi murmushi ya ce:

"To, ka dai gyara sarewar?"

Ban gyara ba. Sai na roƙe shi ya jera mini sunayen sautukan. Ya riƙa rera su da murya ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa a bayan katin gayyatar sunan da na je a Gwarzo. Katin yana cikin akwatina har yau, amma hannun da zai fitar da su a tsirkiyar garaya babu.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, idan wani ya kira abu da sunan da ba ka sani ba, ka tambaye shi inda ya samo kafin ka yi masa dariya. Kada kuma ka tsare kujerarka da abincin wani kamar yadda na yi.