Ranar da Na Ja Karaban ɗin Yayana zuwa Goudel

Yayana, Allah ya jiƙansa, ya bar gida a Koira Kano, da shago a Zongo, da wata aba mai ƙyalli da ta cinye rabin tsakar gidansa. Karaban ake ce mata, wato ɗaki a kan taya, wanda ake ɗaurawa a bayan mota a ja. Ya saye ta hannun wani Bature da suka yi aikin haƙar rijiyoyi tare, lokacin da Baturen zai koma ƙasarsu. Jikinta na walƙiya kamar sabuwar tukunya, idan rana ta take maƙwabta sai sun runtse ido kafin su wuce ƙofar gidan. A ciki akwai gado, da firigo, da kilim mai sanyaya ɗaki, da wurin wanka wanda ni da tumbina ba mu taɓa shiga a lokaci ɗaya ba.

Yaya bai bar ɗa namiji ba, ƴan mata uku ya bari da uwarsu, shi ya sa mu ƴan uwansa muka shiga gado. Ranar rabo, kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, shi ya zauna yana yi wa kowane abu kuɗi. Da aka zo kan karaban kowa ya yi shiru, don babu wanda ya taɓa sayar da irinta. Ni kuwa bakina ba ya son shiru. Na ce wannan ai ta fi gidan sama, ko a ƙasar da aka ƙera ta sai manya ke kwana ciki. Aka yi dariya, Kawu ya yanka mata kuɗi mai tsoka, aka sa ta a rabon matar yaya da ƴaƴanta, mu muka ɗauki shago. Sai da na koma gida na gane abin da bakina ya yi. In ba ta sayu a wannan kuɗin ba, mun ci haƙƙin marayu, kuma da wasa muka ci.

Wata takwas dillalai suna zuwa. Wani ya ce zai mayar da ita wurin sayar da shawarma, ya taya kuɗin tsohon babur. Wani ya tambaya ko tana da inji. Matar yaya ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Takan ba ni ruwa, ta ce Baba ƙarami ya gajiya, yadda yaranta ke kirana.

Daga baya Allah ya kawo wani tsohon mai farmasi, wato shagon magani, Bazabarme, wanda ke da garka a bakin kogi gaba da Goudel, yana son wurin hutawa ranar Lahadi. Shi ya san abin. Ya zo da tocila da rana tsaka, ya kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashinta, ya shinshina kowane lungu yana neman warin ruwa, ya buɗe kowane kabad ya rufe. Ya gaya mana cewa irin wannan ba ta faɗuwa a kasuwa kamar mota, muddin rufinta bai taɓa yoyo ba, jikinta bai loɓa ba, kayan cikinta kuma na asali ne. Loɓa ɗaya, in ji shi, babu mai bugun mota a Yamai da zai mayar da ita yadda take. Ya yarda da kuɗin da aka yanka mata ranar gado, bai rage dala ba, da sharaɗi guda: mu kai masa ita garka da ƙafarta, kamar yadda ya gan ta.

Ni ke da mota kat-kat mai ƙugiya a baya, don haka ni ne direba. Na sha raka Yaya tafiya da ita, na san tsarinsa. Tun da hantsi na sa aka ƙara wa tayoyi iska, na gwada fitilun baya, na duba sarƙar da ake ƙarawa ko da ƙugiya za ta suɓuce, na ɗaura dogayen madubai.

Ina cikin haka Kawu ya iso, a bayansa amalanke shaƙe da buhunan siminti. Shi ma yana da ƴar garka a hanyar, yana son yi mata katanga. A wurinmu mota ba ta tafiya wayam. Ko asibiti za ka da mara lafiya, sai an samu mai ba ka saƙon tattasai. Ɗaki guda a kan taya zai bi ta ƙofar garkarsa babu komai ciki, wannan a idon Kawu almubazzaranci ne.

Na ce masa ba zai yiwu ba. Amma da irin bakina na faɗa. Na ce wannan amarya ce, ko ƙuda ya sauka a kanta sai ya cire takalmi. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ɗan nan ba ka rabuwa da shirme. Na ɗauka magana ta ƙare. Aka kira azahar na tafi masallaci, matar yaya kuma tana ɗaki tana haɗa takardun karaban.

Da na dawo amalanke ba ya nan. Na ɗauka Kawu ya sallame shi ya yi gaba da kayan. Na ja mota da baya, na kama hancin karaban zan ɗora a ƙugiya, sai na ji ya taso mini da hannu ɗaya. A zamanin Yaya mu biyu muke ɗaga shi muna nishi, kuma kullum yana cewa nauyin nan shi ne lafiyarta, don shi ke danne ta a bayan mota. Wannan duk na sani. Amma abin da na yi shi ne na kira matar yaya ta zo ta ga ƙarfi, na ce shekara hamsin da biyu, hannu ɗaya, a kawo mini ƴan kokawa. Ta yi murmushi ta shiga kujerar bayan mota. Kawu ya shiga gaba da carbinsa.

Cikin unguwa lafiya lau, don tafiyar hawainiya nake yi. Sai dai kowane rami muka faɗa, ina jin kamar ana ɗaga bayan motar sama kaɗan. Na ce a raina sabon iska ne a taya.

Muka hau gudron, hanyar kwalta. Bayan Goudel hanya ta fara gangarawa wajen kogi, allurar gudu ta kai sittin ban sani ba. Wani kamiyon yashi ya wuce mu, iskarsa ta bugi karaban. A madubin hagu na ga gefenta ya leƙo. Ya ɓace. Ya leƙo a na dama, ya fi na farko fitowa. Karo na uku, bayan motar ya bi ta, sitiyari ya yi sakayau a hannuna kamar ba a haɗe yake da komai ba.

"Taka birki," in ji Kawu. "Kai, taka birki mana."

Ƙafata ma abin da take so ke nan. Amma Yaya ya taɓa gaya mini, a hanyar Dosso, cewa in ta fara wannan rawar kuma ka danna birki da ƙarfi, za ta zo ta same ka ta gefe, ta naɗe ka. Kada ka bi ta da sitiyari, kada ka ƙara wuta. Ɗage ƙafa kawai, ka riƙe hannu a miƙe, ka jira.

Jira a gangare ba abu ne mai sauƙi ba, don ko ka ɗage ƙafa hanya tana tura ka. A dama akwai mata zaune da tasoshin kabeji da zogale, a hagu wani mai babur ɗauke da mace da goyo yana tahowa. Karaban ta fita har tayarta ta taɓa ƙasar gefen hanya, na ga ƙura ta tashi, na ga matan sun watse sun bar kayansu. Ta dawo ta tsallaka farin layi. Mai babur ya faɗa cikin ciyawa da kansa. Wani abu ya faɗi a cikinta da ƙarar da na ji har a haƙorana. Kawu ya daina cewa birki, ya koma salati. Daga baya ban ji komai ba sai yatsun matar yaya da suka kama kujerata daf da wuyana.

Allura ta sauko hamsin. Arba'in da biyar. Rawar ta fara raguwa, kowane leƙe bai kai na bayansa ba. Sai da na ga ta miƙe a madubai biyu na fara shafa birki a hankali, kamar mai taka ƙwai. Muka tsaya. In an tambaye ni yau zan ce awa guda muka yi, amma bai fi a karanta Fatiha sau uku ba.

Na fara zuwa wurin mai babur. Babu wanda ya ji ciwo, ya zage ni da Zabarmanci son ransa, na karɓa da hannu biyu. Sannan na zagaya karaban ina shafa jikinta. Babu loɓa, babu ƙarzuwa. Har na fara hamdala, matar yaya ta buɗe ƙofar.

Buhu goma sha biyu, duk a can ƙurya, a kan gadon da ke bayan tayoyi. Katakon gadon ya karye a tsakiya, buhu ɗaya ya fashe, ƙofar kabad tana reto da ƙusa ɗaya. Kawu ya ce shi da gangan ya sa a kai su baya, don kada nauyi ya danne mini mota. Tausayina ya ji.

Matar yaya ba ta dube shi ba. Ni ta duba.

"Baba ƙarami, ka san da su?"

"Wallahi ban sani ba."

"Amma ka ɗaga da hannu ɗaya."



Muka tsayar da amalanken jaki aka kwashe simintin. Mai jakin, ba tare da kowa ya gaya masa ba, ya jera buhunan a kan tayoyi da ɗan gaba, yana taɓa sandunan yana jin nauyinsu a bayan dabbarsa. Ni da Kawu muka tsaya muna kallonsa.

Muka share ciki da tsumma da ruwan da matan kabeji suka ba mu. Kawu ya ce a mayar da katifa a shimfiɗa zane, mutumin ya riga ya duba jiya, ba zai sake ɗagawa ba. Ba zan ɓoye ba, ni ma zuciyata ta karkata can. Matar yaya ta naɗe katifar ta jingine ta a bango, ta bar karayar a fili, ta ce ba za ta ciyar da ƴaƴanta da wannan ba.

Sauran hanyar da ashirin na yi ta. Mai farmasi ya shiga, ya daɗe, ya fito yana kaɗe gwiwa. Kawu ya ce zai kawo kafinta gobe. Mutumin ya ce kafinta zai yi gado mai kyau, amma ba zai zama na asali ba, kuma ƙurar siminti ta shiga kilim. Yana so har yanzu, sai dai zai rage. Abin da ya rage ya kai kuɗin makarantar ƴan matan na shekara guda. Matar yaya ta sa hannu a takarda ba ta yi ciniki ba.

Muka juyo gida. Da muka sauke matar yaya, Kawu ya ce in tsaya a bakin masallacin unguwa. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce rabin abin da aka rage nasa ne, zai sayar da simintin da injin ban ruwansa. Na ce ɗaya rabin nawa ne, daga hayar shago.

Ranar Juma'a muka kai mata tare. Ta karɓa, ta kira babbar ƴarta ta miƙa mata, ta ce gobe da safe a kai makaranta.