Kujerar da Ta Gagari Baba

Mahaifina kafinta ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana shaƙar garin katako a wani shago mai ƙofa ɗaya a bayan tasha. Bai yi karatu ba, amma in ka nuna masa hoton kujera zai ƙura masa ido, ya karkatar da kai, ya miƙo maka abinka. Bayan mako guda ka dawo ka tarar da ita tana jiranka. "In dai hannun mutum ne ya yi, nawa ma zai yi," haka yake cewa, kuma ba a taɓa ƙaryata shi ba.

Ni ce babbar 'yarsa, sana'ata gina wa mutane shafin intanet. Da kasuwa ta ja baya, masu saye suka koma wa kayan kanti, na ce zan yi masa shafi. Na ɗauki hotunan kayansa da waya, suka fito dishi-dishi: bango duk datti, ga gwangwanin gam, ga silifas ɗin wani a gefe. Kunya ta kama ni, kuma ita ta kai ni ta baro. Na buɗe manhajar nan da ake rubuta wa bayani ta ƙirƙiro hoto. Na iya ta kuwa, har koyar da mutane nake yi. Ba a ce mata "kujera mai kyau" a tsaya. Sai ka faɗa mata irin katakon, da inda haske ke shigowa, da kusurwar da ake kallo, da abin da ba ka so ya fito. Duk na faɗa. Abin da na manta shi ne cewa mutum zai zauna a kai.

Ta ba ni wata kujera da majinginarta da ƙafafunta duk suka lanƙwaso daga katako guda, ba haɗi, ba ƙusa, ƙafafun sirara kamar yatsa. Na ɗora ta a saman shafin don ado kawai.

Kwana huɗu da yin haka, wani mai otal ya zo shago da hoton a wayarsa, yana son guda goma sha biyu. Baba bai san daga shafinsa ya fito ba, ya ɗauka irin hotunan da aka saba kawo masa ne. Ya ce a ba shi wa'adin wata guda.

A ranar na ji labari, kuma a ranar ya kamata na yi magana. Amma na san Baba: in ya ji an sa abin da bai yi ba a ƙarƙashin sunansa, ba zai ƙara kallona da daraja ba. Na ja bakina na yi shiru, na ce a raina zai gaji ya bari.

Bai bari ba. Ya jiƙa katako a ruwan zafi, ya ɗaure, ya lanƙwasa, ya tsage. Ya sake. Ta uku ta tsaya da ƙafarta, ya zauna, ta zube da shi a gaban maƙwabta. Ya daina karɓar gyaran benci da ƙofofi. Mai otal ya gaji ya tafi wani wuri, Baba yana nan yana fama. Bayan kujera ta tara ta ƙi, ya share shagon tas, ya kwashi zarto da guduma da sauran kayan aiki ya kai wa kafintan da shagonsa ke kallon nasa, ya dawo gida ya zauna. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi fita ba.

Ran nan ya kira ni. "Ke da kika san kan intanet ɗin nan, nemo min wanda ya yi kujerar. Ba wani abu ba, hannunsa kawai nake so na gani."

Na durƙusa a gabansa, hawaye ya ƙwace min. "Baba, babu shi. Ni na rubuta, na'ura ta zana. Ba wanda ya taɓa yin ta, ba ta ma yiwuwa. Ka yafe min, ka je ka karɓo kayanka."

Sai ya dafa kaina.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Na san don ki kwantar min da hankali kika shirya wannan. Amma har zanen jikin katakon na gani da idona. Tashi kawai, na riga na haƙura."